Guron Jiratawa da Kanwar Hajiya Baraka

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi abokan karatuna suka hana ni sakat. Wannan ya tare ni a bakin ɗakin gwaji ya ce in ba shi labarin iyaka, wancan ya ce wai da gaske ne na durƙusa a tsakar gidan kawuna ina kuka a gaban turmi. Ban durƙusa ba. Idona dai ya kawo ruwa, kuma ba zan rantse cewa ba ƙurar daka ce ta shiga ba. Da na ga labarin kullum ƙara tsawo yake a bakin mutane, sai na ce gara in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru, ko dai in ce yadda nake iya tunawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mustafa, a gida ana ce mini Almu. Ina karatun digiri na biyu a Zariya, kuma aikina a kan yauƙin kuɓewa ne. Na saba da dariyar da ke biyo bayan wannan magana, don haka mai karatu ya yi tasa mu wuce.

Abin da ke sa kuɓewa yauƙi wasu dogayen sarƙoƙi ne na sukari da ido ba ya gani, waɗanda littafi ke kira folisakarayid. Ni na fi gane su da carbi: ƙwaya bayan ƙwaya a zare ɗaya, sai dai wannan carbin yakan yi rassa. Tuwon dawa da karan dawa kusan ƙwayar sukari iri ɗaya ce a cikinsu. Ƙullin da ya haɗa ƙwayoyin ne ya bambanta, sai ɗaya ya zama abinci, ɗayan ya zama danga. Masu bincike sun lura cewa wasu sarƙoƙi irin waɗannan, na naman kaza da na ciyawar teku da na ɓawon lemo, sukan rage wa ƙwayoyin ciwon daji kuzari, ko su farkar da garkuwar jiki. Amma yawancin abin da aka gani, a farantin gwaji aka gan shi ko a jikin ɓeraye, ina roƙo a riƙe wannan. Kuma ba kowace sarƙa ke yi ba. Ya danganta da tsawonta, da yawan rassanta, da irin ƙwayoyin da aka jera, da yadda take naɗewa in ta shiga ruwa. Aikina shi ne in duba ƙirar sarƙar kuɓewa, ta ƙarama da ta matsakaiciya da ta wadda ta ƙosa, in ga ko ƙirar na da alaƙa da abin da ke faruwa a faranti.

Bara na yi wannan aiki na ɓata shi da hannuna. Na zuba kuɓewata a na'urar busarwa, na bar zafin ya wuce kima, sarƙoƙin suka kakkarye, shekara guda ta tafi. Bana malamar da ke duba aikina, wadda duk muke kira Malama kawai, ta samo mini gurbi a na'urar da ke auna tsawon sarƙa, daga wata ranar Litinin. In na rasa gurbin, sai baɗi, in ma an bar ni na ci gaba. Ta ce, “Ka kawo mini kuɓewar da ta bushe a inuwa. Ba rana, ba wuta, ba a haɗa ta da komai ba. Ka ji, ko in rubuta maka?” Na ce ta rubuta.

Maraɗi kuwa Innata ce ta jawo. 'Yar Tsibiri ce, wani gari kusa da Maraɗi, aure ya kawo ta Zariya, kuma tun ina yaro duk ranar da aka yi miyar kuɓewa sai ta ɗaga ludayi ta ce wannan ai ruwa ne, wanda bai ci ta Jiratawa ba bai san yauƙi ba. Jiratawa ma a gefen Maraɗi take. Na taɓa faɗa wa Malama da wasa, ita kuwa ba ta ɗauke shi wasa ba.

Na tashi saura mako guda cif, cikin zafin bazara. Daga Zariya zuwa Kano, daga Kano zuwa Katsina, ba abin da ya faru sai ni da na riƙa laluba aljihu ina duba takarduna, har dattijon da ke kusa da ni ya ce, “Ɗana, in ɓarawo na cikin motar nan, ka gama nuna masa wurin.” Kayana ba su da yawa: faya-fayan waya guda uku na shanya, wuƙa, ambulan na takarda, da katin rigakafi wanda na yi wa kwafi uku.

A iyaka, bayan Jibiya, jami'in ɓangaren Nijar ya jujjuya takardar gabatarwa da Malama ta rubuta mini da Ingilishi, ya ce, “Malam, mi za ka yi Maraɗi?” Da na ce ziyara gidan kawuna da an wuce wurin, kuma gaskiya ce. Amma sai na ji kamar na ɓoye wani abu. Na ce, “Bincike ne, ranka ya daɗe, wanda yake da ɗan alaƙa, ko da yake ba kai tsaye ba, da ciwon daji.” Wata tirela na kuka a bayanmu, ni kuma muryata ba ta fita. Kalma ɗaya ya tsinta. Ya ce, “Daji? Ai ba nan ba ne, ga su can.” Ya nuna mini wani mai koren kaki a gindin bishiya.

Mutumin ma'aikacin gandun daji ne, mai fara'a. Ya ba ni benci, ya ba ni ruwa, ya tambaye ni wane icce ne ba shi da lafiya, gawo ko bagaruwa. Mun daɗe ina bayani yana bayani kafin ya buga cinya ya ce, “Sankara kake nuhi!” Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Sannan ya gyara hular, ya ce, “Allah shi ba ku sa'a. Ita ta ɗauke mini yayata.” Shi da kansa ya raka ni aka buga mini hatimi. Da na koma mota, cikin fasinjojin da na ɓata wa lokaci ba wanda ya yi mini magana har garin Ɗan Isa.

A tashar Maraɗi na tsayar da ɗan kabu-kabu, wato acaɓanmu. Ya ce daga ina, na ce Zariya. Ya ce za ni ina, na duba takarda na ce Zariya, don sunan unguwar kawuna ke nan. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, “To mi ya hiddo ka gida?”

Kawu Lawali yayan Innata ne, ɗan kasuwa mai motocin da ke zuwa Kano da Kwatano. Waya biyu ce a hannunsa kullum, ya rungume ni da gwiwar hannu, ya ce gida gidana ne, ya miƙa ni ga matarsa Hajiya Baraka. Ita kuwa Hajiya irin matan nan ne da baƙo ba ya ɗaga tsinke a gabansu. Tun kafin in wanke ƙafa an kawo fura, wadda su suke ce wa hura, an ce ta hatsi ce. Na tambaya wane hatsi, aka yi mini dariya. A wurinmu dawa ma hatsi ce, masara ma hatsi ce, a can kuwa gero ne kaɗai ya ci sunan. Da safe ana karyawa da wani dogon burodi mai taurin ɓawo, da rana kuma gari yakan yi tsit kamar an yi shara, sai la'asar ya farka. Na ga mata da yawa na tuƙa babur da lulluɓinsu, ba mai ko kallonsu.

Sai Sa'ade, 'yar Kawu, malamar makaranta ce, ko lakwal a bakinsu. Taubashiyata ce, don haka tana da lasisin cin mutuncina, kuma ba ta bar shi ya yi ƙura ba. Da ta ji aikina ta ce, da ɗan Faransancin da ba ya rabuwa da bakinta, “Shekara biyu kana karatun yauƙi? Bon. Ka taɓa kaɗa miya?” Na ce ban taɓa ba. Ta ce, “Dakta Yauƙi ke nan.” Sunan ya bi ni har yau, kuma na san ita ta aiko da shi Zariya.

Ranar Talata Kawu ya ba mu mota, Sa'ade ta tuƙa, muka nufi Jiratawa wurin Malam Isuhu, mai lambun da Kawu ya yi wa magana. Kana fita daga jan rairayi sai ka faɗa kore: zogale, albasa, ayaba, ruwa na bin ƙananan magudanai. Malam Isuhu ya tarbe mu da murna, ya ce ya sha wahala amma ya samo, don ba lokacinta ba ne, sai da ya bi maƙwabta. Ya ɗaga buhu. Kabewa ce manya guda biyar.

Laifina ne. Kafin in taso na tura wa Kawu saƙo, wayata kuwa ba ta da harafin nan mai ƙugiya, sai na rubuta “kubewa”. A can abin da muke ce wa kuɓewa sun fi ce masa guro, kubewa kuma a bakin wasunsu kabewa ce. Sa'ade ta jingina da mota tana share hawaye. Malam Isuhu ya ce, “Guro? Haba! Ai kana tsaye cikinsa.” Na duba, ashe har ya fara sa mini ƙaiƙayi a ƙafa.

Ya koya mini abin da ban gani a littafi ba. Ka karya bakin ɗan guro, in ya yi ƙas ya tsinke, ƙarami ne. In ya lanƙwasa ya ƙi, ya ƙosa, sai dai iri. Da haka muka ware kashi uku. Ya tambaye ni me zan yi da tsoho, na fara bayanin carbi, ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wato zaren ciki kake bi.” Na ce kusan haka. Kabewar ma bai yarda mun bar ta ba.

Da muka dawo na nemi wuri mai inuwa da iska, aka ba ni wata rumfa a bayan gida. Na yanka guron sirara-sirara, na baza a faya-fayan nan uku, kowanne da takardarsa: ƙarami, matsakaici, tsoho. Hajiya Baraka ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

Ta ce, “Almu, cikin inuwa? Ai hunhuna zai yi. Kawo a hau da shi bisa kwano, yini biyu ya bushe ƙarau.”

Nan ne na yi kuskuren da ya fi na kabewa. Abin da ya kamata in ce shi ne kada kowa ya taɓa. Amma matar kawuna ce, a gidanta nake, furarta ke cikina. Sai na ce, “A'a Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Ina ganin wataƙila, in ba damuwa, gara a bar shi haka.”

Ta ce, “Wace wahala? Allah sarki, ɗan Ladi, kunya kamar uwarsa.” Ta tafi. Ni kuma na ɗauka mun gama magana.

Ranar Laraba na wuni ina juya guro ina shinshina shi. Ranar Alhamis Sa'ade ta kai ni Tsibiri in gai da Kaka, mahaifiyar Innata, wadda rabona da ita tun ina ɗan shekara shida. Na yi niyyar in yini in dawo. Kaka ta ce, “Miji ya zo bayan shekara ashirin, sannan shi kwana wani gida? Ba a yi ba.” Kwana biyu na yi.

Kaka ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta sa aka yi miyar guro ɗanye da tuwon gero, ta ce in zauna kusa da murhu in ga abin da nake karantawa. Ta ɗebo miyar tsakanin babban yatsa da manuni, ta buɗe su a hankali, zare ya miƙe bai tsinke ba. Ta ce, “Ka gani? In ka sa tsami, ya mutu. In ka bar shi bisa wuta ya daɗe, ya mutu. Kanwa kaɗan tana tashe shi, in ta yi yawa ta kashe.” Na ce mata mu ma muna da na'urar da ke auna wannan, ta kai girman akwati. Ta dubi yatsunta, ta ce, “Tawa ba ta son kuran.” Wutar lantarki take nufi.

Abu ɗaya ya dame ni a Tsibiri. Labari ya zaga cewa jikan Kaka ya zo daga Najeriya da maganin sankara. Da la'asar wani maƙwabci ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce maiɗakinsa na da wani ƙullutu a ƙirji, ko zan taimaka da abin da na zo da shi. A nan dai ban ce wataƙila ba. Na ce masa ba ni da magani, abin da nake yi ko ɓera bai kai ba tukuna, guro abinci ne, kuma kada ya bari a kwana biyu ba a kai ta asibiti ba. Sa'ade ta ce tana da ƙawa ma'aikaciyar jinya a Maraɗi, ta karɓi lambarsa. Ya yi godiya kamar na ba shi wani abu. Na ji nauyin wannan godiya ƙwarai.

Ranar Asabar bayan la'asar muka koma Maraɗi. Tun daga zaure na ji ƙarar rariya da wani ƙamshi da na sani. Na wuce rumfa kai tsaye. Faya-fayan nan uku an wanke su tas, an jingine su a bango.

Hajiya Baraka na zaune a tsakar gida kusa da turmi, fuskarta cike da annuri. A gabanta ga wani babban gwangwanin madara, cike da gari mai laushi, kore-kore.

Ta ce, “Sannu da zuwa, ango na Kaka! Ka ga na hutar da kai. Ranar da kunka tahi na sa anka hau da shi bisa kwano. Yau na dake shi da 'yar kanwa, na tankaɗe sau biyu. Duk na haɗe maka wuri guda, don na ga ka rarraba, zai yi maka wuyar ɗauka. Ga takardunka ma, na aje maka.”

Ta miƙo mini su a ninke: ƙarami, matsakaici, tsoho.

Rana, da kanwa, da taɓarya, kuma kashi uku sun zama ɗaya. Kusan duk abin da Malama ta rubuta kada a yi, an yi shi, kuma an yi shi da kyau. Jibi Litinin. Na tuna na'urar busarwar bara, na tuna Innata da ke gaya wa maƙwabta bana zan gama. Na buɗe baki na ce, “Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri.” A lokacin ne idon ya kawo ruwa.

Sa'ade ta fara dariya, ta kalli fuskata, ta daina. Ta ja ni zaure ta ce, “Mi ka ce mata ranar nan?” Na maimaita mata kalma da kalma. Ta riƙe kai. “Kada ki wahalar da kanki? Wataƙila? Almu, a gidan nan in baƙo ya ce kada a wahala, cewa ya yi a yi masa da sauri!” Na ce kada ta faɗa wa Hajiya. Ta ce, “Dakor,” wato ta yarda, amma ta shiga ciki ta faɗa mata.

Hajiya ta fito da kanta har zaure. Na zaci za ta ji haushi, kuma ina jin ta ɗan ji. Ta ce, “Ɗan nan, da ka buɗe baki. Ni na ga maraya na shanya cikin inuwa, na ce ba a gidana ba.” Na ce ai ni ba maraya ba ne. Ta ce, “Wanda bai iya cewa a'a ba maraya ne.” Sannan ta juya ga Sa'ade ta ce, “Guro ai ba ya ƙarewa, kwana biyu ya sake 'ya'ya. Gobe da asuba ku koma wurin Isuhu.”

Haka aka yi. Rana ba ta fito ba muka iske Malam Isuhu yana tsinka don kasuwa. Da ya ji labari bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya yi rawa. Muka sake ware kashi uku. Matsalar ita ce ba sauran lokacin shanya, dole in tafi da shi ɗanye, in Allah ya kai ni Zariya a sa shi a sanyi. Na zaro leda, ya karɓe ta daga hannuna. Ya ce, “Cikin wagga kahin Katsina ya yi baƙi.” Ya kawo kwando, ya shimfiɗa ganyen ayaba, ya raba kashi ukun da ganye, ya rufe da tsumman buhu mai ɗan danshi. Ya ce kada a wanke shi, kada rana ta gan shi, kada a ɗora masa kaya.

Da zan tafi Hajiya ta cusa gwangwanin nan a jakata. Ta ce, “Ko bai yi karatu ba, ya yi miya. Ka kai ma Ladi.” Kawu ya ajiye waya ɗaya ya yi mini addu'a.

A tasha direba ya miƙo hannu zai jefa kwandon a but, ƙarƙashin buhunan albasa. Ban san lokacin da na ce, “Kada ka taɓa shi!” ba. Tasha ta waiwayo. Sa'ade ta tafa hannu ta ce, “Wala! Ashe da murya.” A cinyata kwandon ya zauna daga Maraɗi har Zariya. A iyaka aka ɗaga tsumma aka ce mene ne, na ce guro ne, aka ce in wuce. Ƙafafuna sun yi tsami tun kafin Kano, amma ban motsa ba. Na isa ana kiran magariba, na roƙi mai kula da ɗakin gwaji ya buɗe mini, muka sa guron a firji.

Ranar Litinin Malama ta buɗe ganyen, ta karya bakin guda ɗaya, ya yi ƙas. Ta ce ba abin da ta ce in kawo ke nan ba, amma ɗanyen da bai ga rana ba ya ma fi, za mu busar da shi cikin sanyi. Gurbina bai tafi ba. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Da na buɗe jaka zan ɗauko littafina sai ta hango gwangwanin, ta ce mene ne wannan. Ban iya ƙarya ba, na ba ta labari tun daga rumfa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe, ta shinshina, ta ce mu sa shi a na'ura tare da sauran. Da sakamakon farko ya fito, sarƙoƙin garin Hajiya sun fi na ɗanyen gajarta, kuma sun fi saurin narkewa. Sau ɗaya aka auna, dole a maimaita, kuma ba zan iya cewa rana ce ta yi ko kanwa ko taɓarya ba, tunda an yi su a tare. Amma Malama ta tuna mini abin da na karanta na manta: akwai masu binciken da da gangan suke gutsuttsura sarƙar ɓawon lemo da zafi da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, saboda wani lokaci guntayen kan yi a faranti abin da dogayen suka kasa. Ta ce, “Kuma wannan garin shi ne abin da mutane ke ci a gida. Matar kawunka ta buɗe maka babi guda. Sai dai babi ba ya tsayuwa sai da awo. Kanwa nawa ta sa?”

Na kira Hajiya a waya a gabanta, na buɗe lasifika.

“Hajiya, kanwa nawa kika sa a garin nan?”

“Daidai.”

“Daidai da me?”

“Daidai da guron mana.”

“Wace iri ce?”

“Ungurnu. Wa zai sa ma baƙo wata?”

“To awa nawa ya yi a rana?”

“Har ya yi.”

Malama ta kifa kai a tebur. Daga can na jiyo muryar Sa'ade tana cewa a ba ta wayar. Ta ce ta gani da idonta, Hajiya da yatsu uku take ɗiba, kuma sau biyu ta ɗiba. Ta ce in bar mata sauran.

Bayan kwana huɗu wani direban Kawu da ke hanyar Kaduna ya tsaya ya miƙo mini ƙunshi. Sa'ade ta zaunar da Hajiya ta sa ta ɗibi kanwa sau goma, kowane ɗiba an naɗe shi daban a takardar littafin 'yan lakwal, an sa masa lamba. A kan ƙunshin ta rubuta: “Ga ma'aunin uwata. Kada ka wahalar da kanka.”

Gwajin faranti ba mu kai gare shi ba tukuna, don haka duk wanda ya ce na ce garin kuɓewa na maganin wani abu, bai ji daga bakina ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na auna ƙullin nan goma a sikelin ɗakin gwaji, ɗaya bayan ɗaya, na sake aunawa don ban yarda da idona ba. Bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Na kai wa Malama takardar. Ta duba ta, ta jawo littafina na bara inda na yi nawa awon da cokalin gwaji, ta ajiye su gefe da gefe. Ta daɗe tana kallo.

Sannan ta ce, “Mustafa, hannun matar nan ya fi naka.”